Tsohuwar Rigar Baba

Mage na fara lura da ita. Tun shigowar hunturu ba ta da wurin kwanciya sai gindin tukunyar ɗumama gida, a ɗakin ƙasa, amma ranar Lahadin nan tana bakin ƙofar waje, ta manna hanci a ƙasan ƙyaure.

Yaya Kaisa ta zo mana yini da jaririnta Onni. Mun ci kifi da dankali, kowa ya yi laƙwas a falo. Tagogin nan duk Baba ya liƙe su da leda tun watan Oktoba. Shi a wurinsa duk iskar da ta shigo gida ɓarauniya ce, kuma kaf layinmu a garin Thunder Bay na ƙasar Kanada an san shi da cika bakin cewa tukunyarsa ba ta shan gas.

"Wash, kaina kamar ana sara," in ji Yaya Kaisa.

"Ƙoshi ne," Baba ya ce. "Kin cinye rabon mutum uku. Mijin naki ba ya ciyar da ke ne?"

"Kai Baba! Dubi Tuula ma, ta yi wani iri."

"Wannan ai kullum haka take, sai ka ce ta zo gaisuwar mutuwa."

Da ni suke, na yi murmushi. Ni ma kaina yana ciwo, amma ban saba sa baki ba. Na ɗaga ido sai na ga bangon da ke kusa da matakala fayau, ƙusa kawai ta rage inda ƙararrawar gane gurɓatacciyar iska take.

"Baba, ina ƙararrawar nan?"

"Tana gareji. Ta ishe ni da kuka, batirinta ne ya mutu."

Na miƙe kamar zan shiga banɗaki, na sauka ƙasa. Na durƙusa na leƙa ƙaramar tagar tukunyar. Wutar da na sani shuɗiya ta koma rawaya, tana lilo, baƙin hayaƙi ya shafe murfin. A gefe akwai bututun da ke shigo wa wutar da iska daga waje, wanda Baba ya daɗe yana mita cewa yana zubo mana sanyi. An cusa masa tsohuwar rigar sanyin Baba, an naɗe bakin da salatif.

Na sa farce na yage, na fizgo rigar. Sanyi ya bugi fuskata. Da na tashi sai bango ya juya, da rarrafe na hau matakala na kashe jan makunnin tukunyar. A nan na tuna tun tsakar rana Onni yake barci, ko nono bai nema ba.

"Ku fita!"

Ban taɓa jin muryata haka ba.

"Yaya, ɗauko Onni! Ku fita, iskar gidan ce!"

Muka tsaya cikin ƙanƙara da safa kawai. Yaya Kaisa tana jijjiga shi, kansa yana langaɓewa.

"Onni! Ɗan albarka, buɗe ido mana! Tuula, ba ya motsi!"

Na ciro waya na kira motar asibiti. Baba yana ta faɗin, "Barci ne, barci ne kawai," amma muryarsa ba tasa ba ce. Har motar asibiti ta iso ina kallon ƙirjin yaron, ina tsoron in ƙifta ido. Aka ɗora masa abin shaƙar iska wanda ya rufe masa fuska duka.

Sai da muka kusa asibiti ya yi wani ɗan tari, sannan ya tsala kuka.

Wajen la'asar likita ta ce ya tsallake, amma zai kwana a wurinsu. Ta tambaya ko mun san abin da ya samu tukunyar. Sai lokacin na ga ashe rigar tana hannuna, har da guntun salatif a wuyanta. Na ajiye ta a kan kujera.

Yaya Kaisa ta dubi rigar. Ta san ta, ita ta saya masa. Ta mayar da idonta kan ɗanta, ba ta ƙara ɗagowa ba.

Baba ya matso bakin gadon, ya miƙa hannu kamar zai taɓa ƙafar Onni, ya fasa. Ya ɗauki rigar ya ninke ta, ya ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.