Ɗan Akwati a Wayar Rufaida

Tun da Sada ya tafi karatun likita ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe hanya, gidansu na Dudunni ya yi wa ƙanwarsa Rufaida girma. Daga ita sai Iya, kakarsu, wadda ba ta ji sosai. Rufaida takan surfa gero, ta share tsakar gida, ta zauna da ƙaramar wayarta mai maɓallai a cinya.

Da farko Sada yakan yi dogon rubutu, ita kuma ta bi shi baƙi-baƙi har ta kai ƙarshe. Daga baya saƙon ya riƙa gajarta. Sai wata Juma'a ya zo babu ko kalma, sai ɗan akwati fari, babu komai a ciki. Juma'ar gaba ma haka.

Rufaida ta duba, ta sake dubawa. Ta ce a ranta ai maganar ke nan: abin da ya rage tsakaninsu fanko ne. Ya ga duniya, me zai ce wa wadda ta tsaya a aji huɗu? Ba ta ba shi amsa ba. Akwatunan suka yi ta taruwa.

Ranar da Iya ta aike ta Kankia sayen maganin ido, ta biya ta rumfar Malam Jaji mai gyaran waya. Ta daɗe a tsaye a gefe, tana murɗa bakin hijabi, har masu caji suka ragu.

"Ƴar Dudunni, in rumfar kike so ki saya, faɗi," in ji shi. "Mi ya samu wayar?"

Ta miƙa masa ba tare da ta ɗago ba. "Yayana ne. Ba ya rubuta komai."

Jaji ya gyara tabarau, ya yi dariya. "Ya rubuta mana! Wayarki ce tsohuwa, sa'ar Iyarki. Kin ga ƴan hotunan nan da ake turawa? Kowane da lambarsa. Lambar ce ke tafiya, wayar da ta karɓa ita ke zana hoton. Taki ta karɓi lamba, ta rasa hotonta, sai ta zana akwati."

Ya tura saƙon zuwa babbar wayarsa, ya juyo mata da fuskar. Wani ɗan mutum ne ya rusuna, ƙafafunsa a kan katako biyu dogaye, riƙe da sanda biyu, yana gangarowa.

"Wasan masu ƙanƙara ne," Jaji ya ce. "Sulɓi suke yi daga kan tudu. Ƙattai da gemu, wai wasa."

Rufaida ba ta ji ƙarshen maganar ba. Gangaren rairayin bayan gonarsu take gani. Sada ya tsaga tsohuwar jarka biyu, ya ɗora ƙafa a kowane ɓari, ya riƙe karan dawa hannu bibbiyu. Kullum sai ya faɗi. Ita ce ke tsayawa a ƙasa tana jiransa, ita ce ke kakkaɓe masa wando kafin Iya ta gani.

Ashe duk Juma'ar nan gangarowa yake yi, ba kowa a ƙasa.

"Malam," ta ce a hankali, "ni ba ni da irinsa. Da me zan mayar masa?"

"Ki tura masa akwatin nasa. Lambar tana ciki. A can hoton ɗan mutumin zai gani."

Ya nuna mata maɓallin. Ta danna da kanta.

A motar Kusada da za ta mayar da ita gida, an matse ta a kujerar baya tsakanin buhun wake da taga. Ba ta san kowa ba, ba wanda ya kula ta. Gonaki suna ta wucewa, an riga an girbe, sai kara a tsaye. Ta duba wayar, shiru. Ta mayar da ita cikin hijabi.

Tana sauka, ta kama hanyar gida a ƙasa, sai ta ji wayar ta motsa a cikin hijabi. Ta tsaya ƙarƙashin gawo ta buɗe.

Akwati biyu ne, kafaɗa da kafaɗa.

A gida Iya ta tambaye ta maganin, ta miƙa mata. Sannan ta zauna bakin turmi da wayar a cinya, tana kallon akwatunan, tana ƙoƙarin gane wanne ne ita.