Kaset ɗin Altine na Horo

"Gyara mini matashin nan, Tela, in samu ƙarfin ƙaryata ka," in ji Ɗanbaba.

Mijinyawa ya tallabo kafaɗunsa ya cusa matashin. Mutumin ba nauyi, sai ka ce rigar da aka kwaso daga shanya. Kwana tara ke nan da aka sallamo shi daga asibiti a Sakkwato, aka ce a kai shi gida a yi ta addu'a. A zaure aka yi masa shimfiɗa, don ɗaki ba ya zaunuwa. Bazara ta kai bazara, ko kaji sun buɗe baki a gindin rumbu.

"To, hwaɗi. Wa ya hi kowa kaɗa jita?"

"Wanda nake gaya maka kullum. Ɗan Kwangon nan da na gani Ikko. Mutum ya aza jita bayan wuya, yana kiɗa yana rawa, ko tsirkiya ɗaya ba ta kuɓuce mishi ba."

"Mi sunanshi?"

"Ka san ban riƙe sunan ba."

"Gwanin duniya, ba suna." Ɗanbaba ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Mijinyawa ya jira tarin ya lafa, ya ba shi ruwa, sannan ya rama. "Naka kuwa suna kaɗai gare shi. Altine na Horo, Altine na Horo. Wa ya taɓa jin shi?"

Shekara goma suna wannan gardama. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma a kasuwar Bodinga rumfar ɗinkin Mijinyawa tana manne da rumfar da Ɗanbaba yake gyaran rediyo. Duk tashar da ta saki kiɗan jita, na Gana ne ko na Kwango, sai tela ya tsayar da keke ya ce, "Ji maza." Mai rediyo kuwa ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce, "Yara ne. Ba su kai su ɗaukar wa Altine takalmi ba."

Altine ɗan makiyaya ne daga Horo Birni. Da galan da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta fari, kafin wani direba ya sayar masa da ta gaske. Ɗanbaba ya bi shi gidajen biki tun yana saurayi, yana riƙe masa jita ta biyu. Altine ya rasu shekarar babban fari, bai bar ɗa ba, bai bar hoto ba. Abin da ya rage nasa a duniya kaset ɗaya ne, da aka ɗauka a wani biki a Shagari da rikodar wani alhaji. Ɗanbaba ya naɗe shi cikin tsohuwar hula, ya sa a ƙasan akwati.

Kuma bai taɓa bari Mijinyawa ya ji ba.

"Ka yarda tukuna, sannan ka ji," haka yakan ce.

"In ji tukuna, sannan in yarda."

A nan suka tsaya, kamar raguna biyu a kan siririyar hanya. Mijinyawa bai taɓa gaya wa kowa ba, amma akwai ranar da ya manna kunnensa a jikin katanga har ƙasa ta shiga masa, bai ji komai ba sai dakan Rahamatu, matar Ɗanbaba.

Yau kuwa mara lafiyar ya daɗe yana kallon azarar rufi, sannan ya ce, "Samo batir."

"Mi kac ce?"

"Kurma ka zama? Manya huɗu. Na janye sharaɗi. Ba ni son in tahi in bar ka cikin jahilci."

Mijinyawa ya so ya yi ba'a, sai ya fasa. Ya gane abin da janye sharaɗin yake nufi.

Batir kuwa a shekarar nan ya yi wuyar samu. Zamanin tsuke bakin aljihu ne: sabulu sai an san ka, madara sai labari. Unguwarsu ba lantarki, kuma rumfar Ɗanbaba ta yi wata biyar a rufe, an sayar da kayan aikin an sayi magani. Mijinyawa ya bi masu tireda na Bodinga kaf, kowa ya ce sai wani jiƙon. Motocin 'yan siyasa dai suna ta wucewa da lasifika, su nasu wutar ba ta ƙarewa.

Washegari ya shiga motar kasuwa zuwa Shagari. Sai bayan azahar ya samu wani mai kayan koli da ya duba hagu da dama kafin ya zaro huɗu daga ƙasan buhu. Mijinyawa ya ɗanɗana kan kowanne da harshe, yadda ya ga Ɗanbaba yana yi, ya ƙulle su a bakin rawani.

Da ya dawo, la'asar ta yi sanyi. Ya tarar da takalman baƙo a ƙofar zaure. Malam Mode ne, wan Ɗanbaba, ya zo daga Sifawa, inda yake noma yana kuma karantar da yara. Dattijo ne mai sanyin magana. Shi ya riƙe Ɗanbaba bayan rasuwar ubansu.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya mai jiki?"

"Da godiya. Tun hantsi bai san wanda ke kanshi ba."

Mijinyawa ya leƙa. Ɗanbaba yana numfashi da baki, idanu a rufe. Mijinyawa ya yi wa Rahamatu sallama ta bayan asabari ya miƙa mata ƙullin.

"Ki aje mishi. In ya farka ki ce tela ya cika alkawari."

"Na mi ne, Baban Safinatu?"

"Kaset ɗinshi za mu ji."

Malam Mode ya ɗago ya dube shi, ya ci gaba da jan carbi.

Da gari ya waye, Mijinyawa yana karyawa da kunu, sai ya ji karatun Alƙur'ani ta bayan katanga. Muryar Malam Mode ce, a natse, aya bayan aya. Karatun ya yi tsawo. Mijinyawa ya ji daɗi a ransa, ya ce Allah ya saka wa dattijon nan, har ya shafa.

Hantsi ya ɗaga Rahamatu ta yi magana ta katanga. "Ya farka. Yana kiranka."

Ɗanbaba yana jingine, idanunsa sun washe kamar wanda ya warke. Rikodarsa tana gefensa, da kaset a ciki. Malam Mode yana zaune a lungu.

"Zauna da kyau, Tela. Tuɓe hula. Yau za ka san Ikko ƙauye ce." Ya ɗora yatsa a kan maɓalli, yatsan ya kasa. "Danna."

Mijinyawa ya danna. Kaset ya yi shuu, sannan murya ta fito: "A'uzu billahi minas shaiɗanir rajim."



"Wane kaset na wanga?" in ji Ɗanbaba.

"Naka ne," in ji Malam Mode. "Ni na yi karatu bisanshi da sahe."

"Na karya mishi haƙori. Ba ya ɗaukar komi."

"Na cusa takarda a ramin haƙorin. Kai da kanka ka koya mini, shekarar da munka ɗauki tafsiri."

Ɗanbaba ya dubi rikodar.

"Ɗanbaba, ni na goye ka," in ji dattijon. "Hannunka na cikin kiɗan nan. In ka kwanta, duk wanda ya kunna shi, kai za a rubuta wa. Ba ni da kuɗin magani, ba ni da komi. Wannan kaɗai na iya yi maka. Yanzu duk mai kunnawa lada zai aiko maka."

A bayan asabari Rahamatu tana jan hanci. Ita ta ɗauko hular daga akwati, Mijinyawa ya gane. Ya dubi murfin batir na rikodar. Nasa ne a ciki, waɗanda ya ɗanɗana da harshensa.

"Duk fuska biyu, Yaya?"

"Duka. Sai ɗan abin da ya rage can ƙarshe, sura ta ƙare kafin zare ya ƙare."

Ɗanbaba ya juyo da sauri, mai gyaran rediyon ya farka a cikinsa. "Kashe, Tela. Kada ka tura gaba da na'ura, tana shan wuta. Fitar da shi. Juya. Sa biro ka naɗe da hannu."

Mijinyawa ya zaro biron awo daga aljihu, ya zura a ramin kaset, ya yi ta juyawa. Malam Mode ya tashi ya fita waje, ya tsaya a rana.

"Ya isa. Sa."

Ƙarshen sura ya fito, amma muryar ta yi kauri, tana ja kamar mai magagin barci. Karatun safe ya shanye baturan. Aka yi ƙas. Sai ga wani sauti, tsirkiya ce ba shakka, amma a miƙe, a kasalance, kamar kukan saniya a cikin rijiya. Ta hau, ta gangaro, ta sake ɗaukar hawa. Wani mutum ya yi dariya a ciki, dariyar ta narke. Zaren ya tsaya cak.

Ɗanbaba yana kallon Mijinyawa.

"Ka ji?"

Mijinyawa ya dubi ƙasusuwan wuyan nan, da leɓɓan da suka bushe. "Na ji," ya ce. "Na yarda. Altine ya hi ɗan Kwango. Ya hi kowa."

Wata motar siyasa ta wuce a titi da kiɗanta.

"Ƙarya kake," in ji Ɗanbaba a hankali. "Ni ma ban ji shi ba, balle kai."

"Wallahi..."

"Kada ka rantse. Shekara goma kana cika alkawarin ɗinki a makare, amma ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Sai yau da ka ga na kwanta." Ya numfasa. "Sadaka ka ba ni, Tela? Da ka ce ɗan Kwango, da na san ina da sauran abokin gardama."

"To, ɗan Kwangon ne."

"Ka makara."

Ɗanbaba ya juya fuskarsa ga bango. Mijinyawa ya zauna yana yi masa fifita har azahar, yana jiran ya juyo ya ce masa jahili, ko kurma, ko wani abu. Bai juyo ba. Da Malam Mode ya dawo daga masallaci ya duƙa yana laƙƙana masa kalmar shahada, leɓɓan sun motsa sau biyu. Kafin la'asar an kai shi makwanci.

Ran uku, bayan an shafa addu'a mutane sun watse, Malam Mode ya ce a ba shi kaset ɗin, zai cike ɗan abin da ya rage idan ya samu batir a Sifawa. Rahamatu ta shiga ta fito, ta ce ta duba ko'ina ba ta gan shi ba. Ba ta dubi Mijinyawa ba, shi ma bai dube ta ba. Tun ranar rasuwa kaset ɗin yana cikin aljihun 'yar cikinsa, yana tokare masa haƙarƙari in ya yi ruku'u.

Bai je rumfa ba ranar. Ya tuna Ɗanbaba yakan gaya wa masu kawo gyara cewa mataccen batir in ya sha rana yakan farfaɗo, ko da na ɗan lokaci ne. Ya karɓo aron rikodar daga wurin Rahamatu, ya cire huɗun, ya jera su a kan katangar da ta raba gidajen biyu, inda rana ta fi bugawa. Ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna a inuwa, ya zura biro a kaset, ya mayar da zaren baya kaɗan, daidai ƙarshen sura.

Wani jan gwada ya hau katangar, ya tsaya kusa da baturan, yana gyaɗa kai.