Butar Shayin Yahanasu

Tun da aka kai Yahanasu makwancinta, mijinta Malam Badamasi ya daina cin abin kirki. A kawo tuwo ya taɓa gefe ya ture, a dama kunu ya kurɓa sau ɗaya ya yi hamdala. Mutumin da duk Kurfi aka sani da cika ido, sai ga riga tana yawo a jikinsa. Huseina, babbar 'yarsu da ke aure a Dabawa, ta zo zaman makoki ta kasa komawa, don ta ga in ta tafi tsohon nan bin matarsa zai yi.

Wata safiya tana shara ta ji ya ce, kamar da kansa yake, "Da dai shayin innarku ne."

Bai ƙara ba, ita ma ba ta jira ƙari ba. Ranar kasuwa ta hau mota zuwa Dutsin-Ma, ta nemi rumfar Alhaji Mas'ud, inda marigayiya take sayen ganye. Yahanasu ba ta taɓa yarda da shayin nan na 'yar jaka mai zare ba. Ƙura ce, in ji ta, aka ƙulla wa malalata.

Alhaji Mas'ud ya yi mata ta'aziyya, sannan ya kwance bakin buhu biyu.

"Shaƙi wanga, ɗiyata. Na Mambila ne, can bisa duwatsu inda sanyi yake, shi ke da ƙamshi. Wancan ta Maraɗi yake shigowa, shi ke ba da kauri da ɗan ɗaci. Innarku haɗa su take, na Mambila ya rinjaya. Kanumfari kaɗan, ban da citta. In ruwa ya tafasa ki zuba ganye ki sauke, ki ruhe shi ya huta. Wanda ya bar shi bisa wuta, magani ya dafa."

Ta dawo gida ranta fari ƙal. Ta shiga ɗakin uwarta ta jawo butar shayin daga ƙarƙashin gado, wata 'yar buta ta ƙarfe mai lanƙwasasshen hanci. Tana buɗe murfin ta tsaya. Cikin ya yi baƙi ƙirin, ya yi ɓawo kamar gindin tukunya.

To, Huseina mace ce da ko cokali ba ya kwana da maiƙo a gidanta. Maƙwabta har tsokanarta suke, wai da da hali da ta wanke ƙasar tsakar gida ta shanya. Sai ta ɗauka ciwo ne ya ci ƙarfin tsohuwar har ta kasa wanke kayanta, kuma ita 'yarta tana can Dabawa ba ta sani ba. Kunya da tausayi suka kama ta. Ta ɗebo toka da soson ƙarfe ta zauna bakin rijiya, tana dirza tana hawaye, ba ta tashi ba sai da cikin butar ya yi ƙyalli.

Bayan la'asar ta hura gawayi, ta bi maganar Alhaji Mas'ud tiryan-tiryan. Shayi ya fito ja wur, ƙamshi ya kai har zaure. Kafin ta iso da faranti Malam ya tashi zaune da kansa, har ya gyara hula. Rabon da ta ga ya miƙo hannu ga wani abu tun ranar jana'iza.

Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar. Ya sake kurɓa, sannan ya ajiye kofin a hankali.

"Ganyen nata ne," ya ce. "A mi kika dafa?"

"A butarta, Baba."

"Miƙo ta."

Ya buɗe murfin ya karkata ta wajen haske. Inda shayin bai kai ba, ƙarfe ne fari tas. Ya daɗe yana kallo.

"Ni na wanke ta," in ji Huseina. "Na ga ta yi datti."

"Ba datti ba ne. Da butar nan aka kawo ta gidan nan tana amarya. Ɗauraya kawai take mata, ko sabulu ba ta bari ya taɓa ta. Ta ce kowace dahuwa tana barin nata a ciki, shi ke gyara ta gaba." Ya shafa bakin butar da yatsa. "Duk shayin da munka sha tare yana nan."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Huseina ta ji kamar yau ne uwarta ta rasu, kuma da hannunta. Ta durƙusa gabansa.

"Za ta sake yin baƙi, Baba. Kullum zan dafa maka, safe da yamma, ba zan ƙara wanke ta ba."

"Za ta yi," ya ce, ya mayar da murfin. "Allah ya ba ki tsawon ran gani."

Ya turo mata kofin da sauran shayin a ciki, ya koma ya kwanta yana fuskantar bango.