Tagar Tsattsewa

Cormac bai runtsa ba har gari ya waye. Tun da ya dawo daga jami'a ya karɓi gonar gidansu a yammacin Ireland yake gyaran ɗakin shanu, har ya sa gilashi a tagar da marigayi kakansa ya bari a buɗe shekara da shekaru. Sai ga tsattsewa sun dawo daga ƙetaren teku jiya da yamma, suna dukan gilashin da ƙirji, suna neman tsohuwar sheƙarsu.

Kakarsa Nuala ta zuba masa shayi tana harararsa.

"Malam mai digiri, ka kori baƙin gidanmu. To, jira ka tatso jini a madara."

"Haba Kaka, wane littafi ya faɗi haka?"

"Littafin da aka reni mahaifinka da shi. Duk ƙauyen nan, rufinmu ne kaɗai ba su taɓa tsallakewa ba. Tsattsewa ba ta kwana a gidan mugu."

Maganar jinin bai ɗauke ta da nauyi ba, don ya san camfi ne. Ta ƙarshen ce ta zauna masa a rai. Ya tuna yadda maƙwabta ke ɗaga kai su dubi rufin, su ce gidan nan akwai albarka.

Ya ajiye shayin, ya fita. Ya ɗauki tsani, ya cire gilashin a hankali. Kafin ya sauko, tsuntsuwa ta farko ta gifta ta gefen kunnensa, ta shige gida.