Idon Jakin Kawu Lado

Tun da aka fara ɗaukar hoto a Jibiya ba a taɓa shigo da kyamara mai hankalin ta Mujahid ba. Shi ya faɗa, kuma bai bar kowa bai ji ba. Ya ce a kan farantin da haske ke sauka a cikinta akwai ɗaruruwan ɗigo masu auna nisa, ga ƙwaƙwalwa da aka koya wa gane ido. Kai dai ka zaɓa mata, idon mutum ko na dabba. Da ta hango shi sai ta kewaye shi da ɗan koren akwati, ta bi shi duk inda ya juya, saura kuwa su dusashe.

"Ni yanzu dannawa ce tawa," in ji shi. "Tunanin nata ne."

Ranar Lahadi a kara, kasuwar dabbobi, ya wuni, yana ɗaukar hoton raguna ga wani dillali mai tallarsu ta waya. Litinin da hantsi yana Magama, bakin iyaka, inda Alhaji Badaruddeen, shugaban wani kwamitin 'yan kasuwa mai yaƙi da fasa-ƙwauri, ya tara jama'a. Cunkoso ya hana Mujahid matsawa, sai ya ɗaga kyamara bisa kawunan mutane, yana dannawa ba ya leƙawa.

"Ku shaida wa duniya," Alhaji ya ce, hannu a ƙirji, "tun da muka kama aiki ko ƙwayar shinkafa 'yar waje ba ta ƙetaro ta nan ba!"

Aka tafa. Amatullahi, sakatariyar kwamitin, ta ce Mujahid ya tura mata hotuna uku ta sa a shafinsu.

"Ba ka dubawa tukuna?"

"Hajiya, wannan ba a duba mata aiki."

Hasken rana ya dushe allon wayarta. Ta hangi farar babbar riga, ta saki.

Sai bayan azahar ya buɗe hotunan a kwamfutar shagonsa. Ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna.

Alhaji ya zama wani farin dabbare, kamar allin da aka goge da hannu. Can bayan kafaɗarsa, a 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, ga jaki tar, ana iya ƙirga gashin idonsa. Buhu biyu na shinkafa 'yar waje a bayansa, rubutun jikinsu yana karantuwa. Kunnen hagu a tsage. Mujahid ya daɗe da sanin kunnen nan. Mai riƙe da igiyar kuwa Kawu Lado ne, ƙanin mahaifiyarsa, mutumin Bugaje, wanda ke ɗauko wa mutane kaya ta bayan gari yana ci da gidansa.

"Innalillahi," ya ce, ya danna na gaba. Jaki. Na gaba, jaki ya waiwayo. Hoto sittin da biyu, kyamarar ba ta saki idon ba ko sau ɗaya.

Ya shiga saitinta. Ɗan zanen kare da kyanwa, alamar idon dabba, na nan a kunne, yadda ya bar shi jiya wurin raguna.

Ya kira Amatullahi. "Don Allah ki goge!"

"In goge mi? Har Maraɗi ya kai. Tun ɗazu ake yi mana dariya."

"Alhaji fa?"

"Da farko ya ce sai ya ɗaure ka. Yanzu ya yi sanarwa, wai da gangan aka yi, dabarar kwamiti ce ta kama masu laifi. Ya ce a yaba maka. An ma tura a zo da mai jakin."

Mujahid bai rufe shago ba ya hau babur.

Da la'asar ya tarar da jakin ɗaure a jikin turke gaban shingen jami'an iyaka, buhunan a gefe, ana ɗaukarsu hoto da waya. Manyan motoci rufe da tampol suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗaga kai. An yarje wa Kawu Lado ya tafi gida albarkacin furfura, amma kaya da abin da ya ɗauko kayan sun zama na hukuma.

Kawu Lado na tsugune yana kwance wa jakin akumari. Mujahid ya durƙusa gabansa.

"Kawu, wallahi ban ganka ba. Kyamarar ce ta..."

"Na ji. An ce ita ke tunani."

"Zan je wurin Alhaji, in faɗa masa kuskure ne."

"Ka je ka ce ya yi ƙarya sau biyu rana guda? Tashi, kana ɓata wando."

Ya naɗe akumarin, ya shafa wuyan jakin, ya roƙi mai gadi ya riƙa ba shi ruwa da safe don ba ya sha da rana. Sannan ya ɗora akumarin a ka.

"An gwada mini hoton," ya ce. "Ya fita. Shekara tara muna tare, ban san yana da tabo cikin ido ba sai yau."

Ya kama hanyar Bugaje a ƙasa.