Agashen Baba Abakar

Abakar ya riƙe wa yayarsa ƙofar gilashin, amma Awadiyya ba ta shiga ba. Ta ja ta tsaya a bakin titin unguwar Mohandessin ta Alƙahira, ta ɗaga kai tana kallon hoton da ke saman ƙofar.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne mana, Yaya."

"Kai kake da haƙoran gaba cikakku? Tun muna gida Maiurno jaki ya cire maka ɗaya."

Ya sake duban hoton. A waya kaɗai ya taɓa ganinsa, ɗan ƙarami. Ashe sun mayar masa da haƙorin, fari tas, sun goge tsagen kumatunsa, sun ɗora masa wata hula da bai taɓa mallaka ba. A ƙasa an rubuta da Larabci: Agashen Baba Abakar. Ya kai harshe ya taɓa giɓinsa, ya same shi yana nan inda ya bar shi.

Agashe shi ne tsiren mutanen Sudan, kuma a wajen mahaifinsu Abakar ya gaji yajinsa. Da shi yake ci yake sha a ɗan teburinsa na unguwar Hayyin Ashir. Bara ne Hatim, ɗan marigayi amininsa, ya zo ya durƙusa masa. Yana aiki da Sufrat Dalia, gidajen abinci masu araha da suka bazu ko'ina a Alƙahira, kuma suna son Abakar ya koya wa masu girkinsu haɗin. Abakar bai ja zancen kuɗi ba. Abu ɗaya ya roƙa, wato ɗanɗano. Mahaifinsu bai taɓa karɓar kuɗin mutum ba sai ya yanka masa ɗan guntu ya ci tukuna. In ya yi masa ya saya, in bai yi masa ba ya tafi lafiya. Hatim ya dafa ƙirji ya ce ya ɗauki alkawari.

Awadiyya kuwa yaƙi ne ya koro ta daga Sudan watan jiya, daga ita sai jaka ɗaya. Shi ya sa Abakar ya sa wankakkiyar jallabiyarsa yau, ya kawo ta ta ga inda yajin babansu ya kai.

A ciki akwai bishiyar dabino ta roba, ganyenta na ƙarya, ƙurarta ta gaske. Abakar ya so ya tsaya ya shafa ta, amma layi ya tura su gaba. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta nuna musu hotunan abinci a bango.

"Agashe," in ji shi. "Amma a fara ba Hajiya ɗanɗano."

"A ba ta me?"

"Ɗan guntu, ta ji ko ya yi mata."

"Sai an biya ake kawowa, ya Hajj. Akwai mutane a bayanka."

Fuskarsa ce a jikin hularta, fuskarsa a jikin kofuna, amma ko kallo na biyu ba ta yi masa ba. Ya biya. Arahar ta ba shi mamaki, har ya ɗan ji daɗi.

Suka zauna a teburin waje. Tiren ya zo a cike: gurasa, soyayyen dankali, lemo, da tsinke huɗu a jere. Awadiyya ta jujjuya su.

"Uwa ɗaya ta haife su. Ka taɓa ganin saniyar da namanta ke fitowa tsawo ɗaya, faɗi ɗaya?"

Ya ja naman, ya sulɓe daga tsinken ba gardama. Ya gutsura. Babu zaren nama, babu ƙamshin gawayi. Abin ya narke a bakinsa kamar jiƙaƙƙen burodi, sai gishiri da ɗan zafin barkono a maƙogwaro. Ya jira citta, ya jira kanumfari, ya jira gyaɗar da ke zuwa daga baya ta zauna a kan harshe. Babu wanda ya zo.

Awadiyya ta lakaci yajin, ta murza tsakanin yatsu. Yatsun suka yi ja.

"Fulawa ce da kala. Ina ƙuli-ƙulin?"

Ta jefa wa wata kyanwa mai ido ɗaya guntu. Kyanwar ta sunsuna, ta dubi Abakar da idon nan nata, ta koma gindin kwandon shara.

A nan Hatim ya same su, don Abakar ya sanar da shi zuwansu tun da safe. Ya rusuna ya gaishe da Awadiyya, ya tambayi hanya da mutanen gida. Da idonsa ya faɗa kan tiren sai murmushin ya ragu.

"Baba, da ka jira ni. Da na sa an yi muku na musamman."

"Wannan kuma wa ake yi wa?" in ji Abakar.

Hatim ya ja kujera. "Ma'alish, yi haƙuri, Baba. Gyaɗa ta yi tsada, nama ya yi tsada. A ma'aikata ake haɗa shi yanzu, ya zo mana a daskare. Amma dubi masu ci. Ɗalibai ne, da direbobi, da masu aikatau a gidajen nan. Da wannan kuɗin ina za su ci nama a Mohandessin?"

"Nama ne?" in ji Awadiyya.

"Akwai nama a ciki, Inna."

"Ɗanɗanon fa?" Abakar ya tambaya a hankali. "Ka dafa ƙirji, Hatim. A gaban tukubata."

"Mun gwada a farko. Layi yake tsayarwa."

"Ciniki dai yake tsayarwa," in ji Awadiyya.

Hatim ya sunkuyar da kai yana gyara agogo. Abakar ya dube shi, ya tuna ranar sunansa, da ragon da shi da kansa ya gasa.

"To a sauke hoton."

"Wallahi ba a hannuna yake ba. Na kamfani ne yanzu, yana kowane reshe."

Awadiyya ta miƙe tana gyara mayafi. "Tashi, Abakar. Bar musu. Ai ba kai ba ne, wancan yana da haƙori."

Suka hau motar komawa. Duk inda suka gifta reshe, mutumin nan mai haƙori yana yi musu dariya daga sama.

Bayan la'asar Abakar ya hura gawayi. Awadiyya ta karɓi turmin ba tare da ya roƙe ta ba, ta zauna a bayansa tana daka ƙuli-ƙuli da citta. Ya fere naman da kansa, fale-fale, ya soke, ya barbaɗe. Da hayaƙin ya tashi sai ya ji ƙirjinsa ya ɗan sake.

Mai saye na farko baƙo ne, dogon mutum da littattafai a hammata. Ya yi sallama da Hausar Kano, ya ce sunansa Harun, daga unguwar Darrasa yake.

"Kai ne Baba Abakar na hoto? Duk ranar Alhamis ni da abokaina agashenka muke ci a Sufrat Dalia. Aka ce min mai shi yana nan Ashir, na ce sai na zo na gani."

Abakar ya zaɓi tsinken da ya fi gasuwa, ya yanki gefen da kitse ke tsatstsafowa, ya dangwala a yaji, ya miƙa masa a bakin wuƙa. Harun ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Tamam, ba laifi," in ji shi, cikin ladabi. "Sai dai bai kai na can laushi ba. Yajin ma kamar ya sha bamban. Ko su ne ba su ba ka asalin haɗin ba, Baba?"

Taɓaryar Awadiyya ta tsaya a sama.

Abakar ya buɗe baki, ya ji iska ta bi ta giɓinsa, ya rufe. Harun ya ga kamar ya yi laifi, ya fara laluben aljihu.

"Bar shi, malam," in ji Abakar. "Ba a biyan ɗanɗano. In bai yi maka ba, ka sauka lafiya."

Ya bi bayansa da kallo har ya shige cikin jama'a. Can taɓaryar ta sauka, ta ci gaba da duka. Abakar ya goge wuƙar a tsumma, ya juya tsinken da ya yanka ɗin don kada ya ƙone.