Bango na Goma Sha Biyu

Duk Daura an san Ja'afaru tela da iya ɗinkin babbar riga, amma ƙalilan ne suka san abin da ke cikin akwatin ƙarfen da yake ajiyewa a ƙarƙashin gadonsa. Matarsa Maimunatu ta sani, kuma ta daɗe da sallamawa cewa ciwo ne mara magani. Kwalaye ne guda goma sha ɗaya, kowanne a cikin ledarsa, an jera busasshen ganyen darbejiya a tsakaninsu saboda gara. A jikin kowane kwali akwai zanen fenti na wani ƙato mai suna Ɗan Kanya da jakinsa.

Ɗan Kanya dai jarumi ne na wani littafin labarin zane da wata ƙaramar maɗaba'a a Kano ta riƙa fitarwa lokacin da Ja'afaru yake firamare. Falke ne mai safarar kanwa tsakanin Daura da Damagaram, kuma bai taɓa kai kaya lafiya ba sai ya yi dambe da 'yan fashi ko ya shaƙe kura. Sau goma sha biyu littafin ya fito, sannan maɗaba'ar ta durƙushe. Sauran yara suka girma suka manta. Ja'afaru ya girma, gemu ya fito masa, amma bai manta ba.

Ranar da ciwon ya kama shi sosai, ya je Kano ne saro yadi, sai ya ga wani mai shayi ya toshe tagar rumfarsa da kwali. Da ya duba da kyau sai ya ga Ɗan Kanya ne. Ba wanda injin ya buga ba, asalin zanen bangon da mai zane ya yi da hannunsa, har ana jin tudun fenti idan an shafa. A littafin jakin kore-kore yake fitowa, nan kuwa ga shi da launin tokarsa sak. Ja'afaru ya saya wa mai shayin sabon falanki, ya ɗauko kwalinsa ya taho. Daga nan ya shiga farauta. Shekara goma sha huɗu yana bin tsofaffin ma'aikatan maɗaba'ar da magadansu, har ya tara goma sha ɗaya. Na ƙarshen, na goma sha biyu, shi ne ya gagara, kuma shi ne ya fi tsaya masa a rai.

Abin da ya sani game da mai zanen kawai shi ne sunan da yake sawa a ƙasan kowane bango: Hamma. Sai wata Laraba wani direban babbar mota mai suna Yahya ya zo karɓar ɗinki, Ja'afaru ya raka shi bakin titi, ya ga furanni da rubutu a jikin motar, can ƙasa kuma ga wannan sunan da irin wannan hannun.

"Ai Malam Hamma ne na Mai'adua," in ji Yahya. "Da can har zaki da dawisu yake zana mana. Tun da shari'a ta zo ya ji wa'azi ya tuba, yanzu sai furanni da rubutun Ikon Allah."

Washegari da hantsi Ja'afaru ya rufe shago, ya zuba kwalayensa goma sha ɗaya a jaka, ya ɗaure a bayan babur. Maimunatu ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Mutumin da aka ce ya tuba da zane, shi za ka kai wa zane?"

"Zai ji daɗi ya ga 'ya'yansa," in ji Ja'afaru. Ita dai ta yi masa addu'ar a dawo lafiya.

Ya tarar da Malam Hamma a zauren gidansa, ɗan tsamurmurin dattijo mai farin gemu, yana rubuta allon wani mai kemis. Suka gaisa, aka tambayi gida da mutanen Daura da ruwan sama. Ja'afaru, wanda ya kwana yana tsara magana, sai duk ta ɓace masa. Ya buɗe jaka kawai ya fara jera kwalayen a kan tabarma.

Dattijon ya ajiye burushinsa. Ya ɗauki na uku, wanda Ɗan Kanya ya ɗaga kura sama da hannu ɗaya, ya kai shi kusa da idonsa, sai dariya ta kuɓuce masa.

"Wannan kurar kwana huɗu ta ba ni wahala. Karen maƙwabcina na ɗaure na zana."

Ja'afaru ya ji kamar an ba shi kujerar Makka. Ya yi ta tambaya, tsohon yana ba shi amsa, har rana ta take. Sannan ya yi ta maza ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, na goma sha biyun nake nema."

"Yana nan," in ji Malam Hamma. "Shi kaɗai na hana 'yan maɗaba'a riƙewa bayan an buga. Sauran zane-zanena duk na ƙona, shi ne hannuna ya kasa." Ya shiga cikin gida ya fito da kwali a naɗe cikin tsohon ƙyalle.

Ja'afaru ya san hoton tun yana yaro, amma sai ya zama kamar yau ya fara ganinsa. Ɗan Kanya ya dawo gida daga tafiyarsa ta ƙarshe, yana tsaye a gindin kanya riƙe da igiyar jaki, wata yarinya mai fura tana miƙa masa ludayi. Fentin bai ko dusashe ba.

"Na ba ka, kyauta," in ji tsohon. "Wanda ya yi wa aikina irin wannan riƙo ya fi ni cancanta da shi. Amma bari in gyara shi tukuna."

Ya jawo gwangwanin jan fenti, ya zaɓi siririn burushi.

"Gyaran me, Baba?"

"Malaminmu ya ce duk wanda ya zana abu mai rai, ranar gobe za a ce ya hura masa rai. Amma in an ja layi a wuya, an raba kai da gangar jiki, to ya tashi daga mai rai. Ba zan bar shi ya fita daga hannuna da ransa ba." Ya dubi kwalayen da ke kan tabarma. "Kawo waɗannan ma in yi maka su gaba ɗaya, ba sai ka biya ba."

Ba a taɓa ganin tela ya tattara kaya da sauri irin na Ja'afaru a wannan lokacin ba. Kafin tsohon ya gama motsa fenti, goma sha ɗayan sun koma jaka, jakar kuma tana ƙarƙashin cinyarsa. Malam Hamma ya yi murmushi.

"To, waɗannan sun daɗe da barin hannuna, kai da Ubangijinka. Wannan kuwa har yanzu nawa ne."

Ja'afaru ya roƙa. Ya ce zai ajiye shi a akwati, ba zai rataye ba. Ya ce akwai malamai a Daura da suka ce zanen kwali ba gunki ba ne. Har ya ce ya ɗauki zunubin a kansa. Tsohon ya saurare shi da ladabi, ya ce zunubi ba buhun gero ba ne da za a sauke wa wani. Ja'afaru ya ga babu mafita. Ba zai fizge abu daga hannun sa'an mahaifinsa ba, kuma ba zai iya tafiya ya bar shi ba. Baƙin ciki ya cika shi, har ya ji kunyar yadda idonsa ya kawo ruwa saboda kwali.

"To Baba, a fara da jakin," ya ce da ƙaramar murya.

Aka fara da jakin. Tsohon ya ja layi ɗaya siriri daga wannan gefen wuya zuwa wancan. Ja'afaru ya runtse ido. Da ya buɗe, burushin ya riga ya ratsa wuyan Ɗan Kanya, mutumin da 'yan fashi arba'in suka kasa. Saura mai fura.

Malam Hamma ya sake tsoma burushi. Daidai nan aka yi gyaran murya daga ƙofar cikin gida, wata tsohuwa ta fito da kwanon ruwa da damammiyar fura. Kande ce, matarsa. Ja'afaru ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta ajiye kwano, sai idonta ya faɗa kan kwalin. Ta dubi jakin, ta dubi Ɗan Kanya, ta dubi jan fentin da ke ɗiga a bakin burushi.

"Malam, me za ka yi wa wannan yarinyar?"

"Gyara ne, Kande. Shiga ciki."

"Zan shiga. Amma yaro, ka san ko wace ce wannan?" Ta juyo ga Ja'afaru. "Ni ce. A kasuwar Kongolam ya ganni ina tallar fura, ya saya sau uku a rana ɗaya, ashe fuskata yake sata. Da wannan kwalin ya zo zance gidanmu, don bakinsa ba ya iya magana."

Ja'afaru ya dubi tsohuwar, ya dubi zanen. Ga wushiryar nan, ga ɗan tabon da ke gefen gira. Shekara talatin yana kallon wannan fuska bai taɓa tunanin tana da mai ita ba.

Kande ta gyara mayafinta. "Shekara talatin muna tare, ko tsawa mai ƙarfi ba ka taɓa yi mini ba. In yau ne za ka yanka ni, bismilla, ga ni tsaye ina kallo."

Ja'afaru ya danne dariya da ƙyar. Malam Hamma bai yi dariya ba. Ya kai burushin har kusa da wuyan yarinyar, ya tsaya. Ya janye, ya sake kaiwa. Ɗigon fenti ya faɗi a kan tabarma.

Can ya sauke numfashi, ya jefa burushin cikin gwangwanin kananzir. Ya hura layukan biyu har suka bushe, ya naɗe kwalin a cikin ƙyallensa, ya miƙa wa Ja'afaru da hannu biyu.

"Ɗauki ka tafi, kafin in sake shawara."

"Baba, ita fa? Ba a ja mata ba."

Tsohon bai dube shi ba, matarsa yake kallo.

"Bar ta da ranta," ya ce. "Wannan in an tambaye ni ranar gobe, ni zan amsa."